Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu: In Ƙwaƙwalen Mota Sun Daina Jin Juna

Motar zamani ƙwaƙwalwarta ba ɗaya ba ce: akwai ta inji, da ta giya, da ta birki. Suna aika wa juna saƙo ta wayoyi biyu tufkakku, dabarar da kamfanin Bosch na Jamus ya fito da ita a 1986. In ɗaya ta tsinke sai fitilun gargaɗi su kama, wani sa'i ma motar ta ƙi tashi.

To, a nan kuɗi ke salwanta, gama makaniki mai gaggawa sai ya ce a sayo sabuwar ƙwaƙwalwa daga Kano. Kada a yarda tukuna. A fara duba batir da fis. Sa'an nan a cire kan batir, a sa ma'aunin lantarki a rami na 6 da na 14 na soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari. In ya nuna om 60, hanya lafiya. In 120, galibi waya ta yanke. In kusan sifiri, wayoyin sun haɗe.

Direba mai bin hanyar Birnin Kudu zuwa Gwaram da damina, ya duba mahaɗan wayoyi ko ruwa ya sa musu tsatsa. Motar da ke kwana kusa da rumbu kuwa, ɓera za a fara tuhuma.