Linzamin Kwamfuta: Wanne Ya Dace da Hannunmu da Ƙurar Garinmu?

Jawabin da aka gabatar a taron malaman reshe

Shugaban reshe, shugabannin makarantu, iyayenmu da suka riga mu riƙe alli, 'yan uwa malamai maza da mata daga Talata Mafara da Bakura da Maradun.

Da aka ce mu tashi mu yi magana a kan linzamin kwamfuta, wato ɗan abin nan da wasu ke kira maus, wasu kuma ɓera, mun san za a samu masu cewa a ransu: duk matsalolin da ke gaban malami, sai ɓera aka ga damar tattaunawa? Muna roƙon a yi mana haƙuri na ɗan lokaci, domin abin da ya kawo mu ba ƙarami ba ne.

Tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga manyan makarantu ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya. Yaron da muka koyar shekara shida a sakandare zai zauna gaban na'ura, a ba shi tambayoyi 180 da awa biyu. A shekarar 2024 hukumar WAEC ita ma ta fara gwada jarrabawar kwamfuta ga masu zana ta a matsayin 'yan waje. Mu kanmu ba mu tsira ba, domin jarrabawar cancanta ta hukumar rajistar malamai, TRCN, a kan kwamfuta ake yin ta. Da yawa daga cikin yaran ƙauyukan da ke kewaye da madatsar ruwa ta Bakolori sun iya dasa shinkafa, sun iya latsa wayar hannu fiye da mu, amma ranar jarrabawa ce ranar farko da tafin hannunsu ke sauka a kan linzami. Mun ga yarinya mai ƙoƙari tana ɗaga shi sama tana kaɗawa kamar mafici, tana mamakin yadda kibiyar ta ƙi motsi. Gaskiya ne JAMB ta tanadi hanyar amsa tambayoyi da haruffan madannai, A da B da C da D don zaɓen amsa, N don wucewa gaba, P don komawa baya. Duk da haka, yaron da bai saba da linzami ba yakan shiga ɗakin da fargaba, kuma fargaba tana cin minti.

Saboda haka 'yan kwamfutocin da muke da su a makarantu, komai ƙarancinsu, su ne filin atisayen yaranmu. Kwamfutar da linzaminta ya mutu kuwa, a wurin mai koyo, ta zama akwati.

Kafin mu shiga zaɓe, bari mu ɗan waiwaya. Wani injiniya ɗan Amurka mai suna Douglas Engelbart shi ne ya ƙirƙiro wannan na'ura a shekarun 1960, ya kuma nuna ta ga jama'a a shekarar 1968. Na farkon da katako aka yi shi, da ƙafafu biyu na ƙarfe a ƙarƙashinsa. Igiyar da ta fito daga jikinsa kamar wutsiya ita ta jawo masa sunan ɓera. Daga baya aka koma mai ƙwallo a ciki, wanda manyan cikinmu za su tuna: ƙwallon roba mai nauyi da ke mirginawa a kan tebur yana juya wasu 'yan sanduna. Wannan kam bai taɓa shiri da hunturunmu ba. Ƙwallon yakan kwashe ƙura ya liƙa wa sandunan, sai kibiya ta riƙa tsalle, a buɗe a kankare da farce, bayan mako guda a sake. A shekarar 1999 kamfanin Microsoft ya fito da linzami mai aiki da haske wanda ba ya buƙatar shimfiɗa ta musamman, daga nan kuwa mai ƙwallo ya fara ɓacewa daga kasuwa.

Yadda mai hasken ke aiki abin sha'awa ne, kuma saninsa zai rage mana asara. Idan kuka kifa shi za ku ga jan haske. Wannan ƙaramar fitila ce da ke haska fuskar tebur daga gefe, domin duk wani ɗan tudu ko rami da ido ba ya gani ya yi inuwa. Kusa da ita akwai wata 'yar kyamara da ke ɗaukar hoton wurin fiye da sau dubu a cikin daƙiƙa ɗaya. Sai wata ƙwaƙwalwa ƙarama ta gwada hoton yanzu da na baya, ta gane an matsa hagu ko dama, ta aika wa kwamfuta. To, idan aka ɗora shi a kan gilashi ko madubi, ko tebur mai sheƙi sosai, kyamarar ba za ta ga alamar da za ta bi ba, kibiya sai ta rikice. Mun san ofisoshin shugabannin makarantu da yawa da aka shimfiɗa gilashi a kan tebur don a jera hotuna da jadawalin darasi a ƙarƙashinsa. An sha jefar da lafiyayyen linzami a irin waɗannan ofisoshi ana cewa ya lalace, alhali farar takarda ko bangon tsohon littafin rajista kawai yake nema a ƙarƙashinsa. Haka kuma gashi guda ko zaren auduga idan ya maƙale a ramin hasken yana iya hana shi aiki. A hura, a goge da busasshen ƙyalle kafin a yanke masa hukunci.

Yanzu ga tambayar da aka fi yi mana: mai igiya ko marar igiya?

Ga ɗakin kwamfuta na makaranta, ra'ayinmu a fili yake: mai igiya, wanda ake soka wa a ramin USB. Ba ya cin batir, ga shi kuma a ɗaure yake da kwamfutarsa, ba ya bin kowa gida cikin aljihu. Marar igiya yana zuwa da wani ɗan ƙaramin abu kamar ƙwayar gyaɗa da ake sokawa a kwamfuta don ya karɓi saƙo. Ranar da wannan ƙwaya ta ɓata, galibin masu araha sun tashi daga aiki ke nan, domin ba sa karɓar ta wani. Ku ƙiyasta ɗakin da yara arba'in ko hamsin ke shiga suna fita, ku gaya mana kwana nawa ƙwayar za ta yi. Sannan ga kuɗin batir, wanda ba mu san daga wane asusu shugaban makaranta zai riƙa fitar da shi ba.

Ga malamin da ke da kwamfutar tafi-da-gidanka yana haɗa sakamakon jarrabawa a gida, ko mai karatun ƙaro ilimi da ke zirga-zirga zuwa Kwalejin Ilimi ta Maru ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau a nan Talata Mafara, marar igiya yana da daɗi, ba ma musu. Sai dai ya nemi mai makunni a ƙarƙashi don ya riƙa kashewa, mai kuma ɗan rami a ciki inda ake adana ƙwayar. Idan za a yi dogon hutu a cire batir. Zafin watan Afrilu yakan sa batir mai arha ya yi yoyo, ruwansa ya cinye ƙarafan ciki.

Mu zo kan hannu, domin nan ne aka fi yin sakaci. Linzami kamar takalmi ne, wanda ya yi wa wani daidai yana iya matse wani. Akwai 'yan ƙanana da ake sayarwa tare da jakar kwamfuta, masu kyan gani, amma babban mutum idan ya riƙe sai ya tattare yatsunsa kamar mai ɗaukar ƙwayar gero. Awa guda ba komai. Amma mai shigar da makin ɗalibai ɗari uku a ƙarshen zango zai tashi da ciwo a wuyan hannu da kafaɗa. Abin nema shi ne wanda tafin hannu zai kwanta a bayansa gaba ɗaya, manuniya da ta tsakiya su sauka a kan maɓallan ba tare da miƙewa ko lanƙwashewa ba, wuyan hannu kuma ya tsaya a miƙe. Ga yaran firamare akasin haka ne: babba yakan fi ƙarfin hannunsu, matsakaici ya fi. Kada kuma mu manta da bahagwai. Wanda aka sassaƙa don hannun dama yana wahalar da su, shi ya sa a makaranta muka fi son mai siffa ɗaya ta kowane gefe. A cikin saitin Windows ana iya musanya aikin maɓallin hagu da na dama, ana iya rage saurin kibiya, a ƙara mata girma, a kuma sassauta saurin danna-biyu ga dattawan da yatsunsu ba su saba ba. Duk wannan kyauta ne. Wanda kuwa yatsunsa suka fara yin sanyi ko tsira kamar ana soka allura, har abin ya ƙi wucewa, asibiti ya kamata ya nufa, sabon linzami kaɗai ba zai wadatar ba.

A jikin kwali za ku ga an rubuta DPI da lamba a gefensa. Ma'anarsa yawan tafiyar da kibiya ke yi idan aka matsa linzami inci ɗaya. Daga 800 zuwa 1600 ya ishi duk aikin malami da ɗalibi. Lambobin da suka haura haka, da fitilu masu canza launi, da maɓallai shida ko bakwai, na masu wasannin kwamfuta ne. Kada mai shago ya karɓi kuɗinmu a kansu.

Sai batun ƙarko, kuma a nan za mu faɗi abin da ya same mu don kada ya sami wani. A wata makaranta da wasunmu ke koyarwa, an tara ɗan abin da aka tara aka aika aka sayo kwali guda na linzamai, aka zaɓi mafi araha don su wadaci kowace kwamfuta. Suna ɗauke da tambarin wani babban kamfani, har muna murna. Kafin zango ya ƙare fiye da rabinsu sun kwanta. Da muka buɗe ɗaya muka tarar da wayoyin ciki sirara kamar gashi, allon kuma bai kai faɗin akwatin ashana ba. Jabu ne, tambarin kawai aka manna. Laifin namu ne, domin ba mu aika wanda ya san kayan ba, kuma ba mu gwada ko guda ba kafin a biya. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Daga wannan asara muka koyi wuraren da linzami ke fara mutuwa. Na farko wuyan igiya, daidai inda ta shiga jiki, saboda nan take lanƙwasa kullum. A duba a ga akwai roba mai kauri da ta tallafe ta. Na biyu maɓallin hagu, wanda ya fi shan danna. Idan ya gaji sai ka danna sau ɗaya ya lissafa biyu, ko kana jan abu ya sake shi a hanya. A wurin yaro mai atisayen jarrabawa wannan yana nufin ya tsallake tambaya bai sani ba. Na uku ƙafar tsakiya da ake murzawa, wadda ƙura ke shiga ta sa shafi ya riƙa tsalle sama da ƙasa. Mai haske ya fi mai ƙwallo jure hunturu nesa ba kusa ba, amma wannan ƙafa har yanzu ƙofa ce a buɗe. A rufe kwamfuta da linzaminta da ƙyalle bayan an tashi, musamman daga Nuwamba zuwa Fabrairu.

Wanda zai saya, a Gusau ne ko Sakkwato, ko an yi sa'ar mai zuwa titin Beirut a Kano, ya tafi da kwamfuta ko ya sa mai shago ya soka a tasa. Ya danna kowane maɓalli sau da yawa ya ji ƙararsu iri ɗaya ce, ya murza ƙafar ya ji tana tafiya daki-daki, ya girgiza ya ji ko wani abu na kaɗawa a ciki, ya matsa gefensa ya ji ko robar na kuka. Ya dubi rubutun kwali, domin jabu yakan zo da haruffa a karkace ko kalma a gurɓace. Ya nemi rasiɗi, su kuma yi magana a kan sauyi idan ya mutu cikin 'yan kwanaki. Abin da zai ba wasu mamaki shi ne, a abin da muka gani, ɗan gwanjo na asali, irin waɗanda ke zuwa tare da tsofaffin kwamfutocin ofis na Dell ko HP, sau da yawa ya fi sabon jabu daɗewa. Ba shi da ado, baƙi ne ƙirin, amma an yi shi ne don ya yi shekaru a hannun ma'aikata. Idan kuɗin bai kai a sayi goma masu kyau ba, gara a sayi shida, yara su yi layi.

Wanda ya mutu ma kada a yi saurin jefarwa. Masu gyaran wayar hannu da ke kasuwanninmu suna da dalma da ƙarfen liƙi. Igiyar da ta karye a wuya ana yanke ta a sake haɗawa. Maɓallin hagu da ya gaji ana ciro na wani mataccen a dasa masa. Sau da yawa daga matattu uku akan tayar da biyu.

Don haka muna roƙon kowane shugaban makaranta da ke nan ya sa a tattaro matattun linzaman da ke cikin kwabar ofis da sito, a ƙidaya su, a ƙidaya kwamfutocin da ke zaune babu linzami, a kawo wa sakataren reshe lissafin a taro mai zuwa. Waɗanda za su gyaru za mu kai a gyara. Sauran kuma, idan makarantun ƙananan hukumomin uku suka haɗa buƙatarsu wuri guda, za mu aika mutum biyu da suka san kayan su sayo a sari, su gwada kowane ɗaya kafin su biya, domin a raba kafin a fara rajistar JAMB.