Kafin Mu Auna Jikin 'Ya'yanmu, Mu Tambayi Zuciyarsu

Iyayena maza da mata, malamai, 'yan'uwa mazauna Taman Melati da waɗanda suka taso daga Gombak, sannunku da zuwa.

Yau a kan 'ya'yanmu masu karatun likita zan yi magana. Kun san ɓangaren likitanci na Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa yana can Kuantan, tafiyar kusan awa uku a mota. Idan an yi hutu, gidajenmu suke sauka. A hutun da ya wuce wata ɗiyarmu ta sauka wurina. Tana ajiye jaka na ce, "Kai, 'yar nan, kin yi ƙiba!" Ni a ganina yabo na yi, domin a gida ƙiba alamar kwanciyar hankali ce, har wasu na shan ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe don su same ta. Ta yi murmushi. Kwana uku ba ta taɓa tuwona ba, sai ruwan shayi. Da na matsa mata, sai ta fashe da kuka. Ashe a asibitin da take koyon aiki wani majiyyaci ya ce mata ta fara rage nata jikin kafin ta ba shi shawara. Ta kira gida ta bidiyo, mahaifiyarta kuma ta ce ta rame. Ni kuma na zo na ɗora nawa. Magana zarar bunu ce.

Yarinyar nan ta fi ni sanin lissafin jiki. Ita ta koya mini cewa ana raba nauyi da tsawo sau biyu, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya na ɗaukar 25 a matsayin nauyi ya fara yawa, 30 kuwa ƙiba ce mai haɗari. Ta san binciken lafiya na ƙasar Maleshiya na 2023 ya nuna fiye da rabin manya nauyinsu ya wuce kima. Amma sanin lissafi bai hana ta shiga shagon mamak ƙarfe biyun dare ta ci roti canai da teh tarik ba, bayan kwanan asibiti, ga jarrabawa, ga kewar gida. Gari ya waye ta hukunta kanta da yunwa.

Abin da ta rasa shi ne wanda masana ke kira basirar zuciya: mutum ya gane abin da ke damunsa, ya kira shi da sunansa, ya riƙe kansa, sannan ya fahimci halin na kusa da shi. Wanda ya iya bambance yunwar ciki da kaɗaici ba zai nemi maganin kaɗaici a kwano ba. Likitan da bai koyi tausayin kansa ba kuwa, da wuya ya tausaya wa mai ciwon sukari da ke gabansa.

Wannan darasi a gida ake fara shi. Suratul Hujurat ta hana mu izgili da jifan juna da laƙabi, amma mu ne ke kiran yaro "Tulu" ko "Tsinke" muna dariya. Don haka ina roƙonmu abu uku. In ɗa ya dawo, mu tambaye shi barci da karatu da abokai kafin mu ce komai kan jikinsa. In ya ce ya ƙoshi, kada mu tilasta masa ƙari. In mun ga ya daina cin abinci, ko yana yawan kaɗaita, mu raka shi wurin likita ko mai ba da shawara na jami'arsa, ba tare da tonon asiri ba.

Ni dai na ba ɗiyata haƙuri, muka ci tuwo tare. Allah Ya raya mana su, Ya sa su amfani al'umma. Wassalamu alaikum.