Lalacewar Idon Sawun Mai Ciwon Suga da ke Wankin Ƙoda: Tiyata da Matsalar Hanya

Manomi a Pauwa, cikin ƙaramar hukumar Ƙanƙara, zai iya wuni a gonar masara da karyayyen idon sawu bai sani ba, domin ciwon suga in ya daɗe yakan kashe jijiyoyin da ke kai saƙon zafi. Ƙafa ta kumbura, ta yi ja, ta ɗau ɗumi, a ce targaɗe ne, a kai wa mai ɗori ya murza. Shi kuwa yana ta takawa, ƙasusuwa na rugujewa, har tsakiyar tafin ƙafa ta turo ƙasa, gyambo ya ɓarke a wurin.

Jean-Martin Charcot, likitan Faransa, ya bayyana irin wannan lalacewar gaɓa a 1868; William Jordan ya danganta ta da ciwon suga a 1936.

In an gano da wuri, ɗaurin siminti da hana takawa na watanni kan wadatar. In gaɓar ta goce, sai tiyata. A kankare guringuntsi, a zura doguwar ƙusa ta dunduniya har cikin ƙashin ƙauri don ƙasusuwan su manne, ko a kewaye ƙafar da zobban ƙarfe da wayoyi, dabarar Ilizarov na Rasha, wadda aka fi so idan ƙwayoyin cuta sun shiga ƙashi. Idon sawu ya daina lanƙwasuwa ke nan har abada, amma ƙafa ta tsira.

Mai wankin ƙoda kuwa, lissafinsa daban ne. Gazawar ƙoda tana rikita kalsiyam da fosfat na jiki, ƙashi ya yi laushi ya kasa riƙe ƙarfe, hanyoyin jini su ƙandare, rauni ya ƙi warkewa. Saboda maganin tsinka jini da ake sa wa a lokacin wanki, likitoci kan tsara tiyatar washegarin wankin. Mace-mace bayan yanke ƙafa ma sun fi yawa cikin masu wanki, shi ya sa ake fafutukar ceto ta.

To, ga inda gizo ke saƙa. Ƙa'idar wanki sau 3 a mako ce, awa 4 kowane zama, ga kuɗi masu yawa. Manyan asibitoci suna Katsina, Shika ta Zariya da Kano, inda Asibitin Ƙashi na Dala yake. Wanda aka ce kada ƙafarsa ta taɓa ƙasa, shi ne zai hau babur da motar haya daga Faskari ko Sabuwa, a hanyar da 'yan bindiga suka sha tarewa. Tiyatar da ba a tanadi masauki kusa da injin wanki ba, rabin aiki ce.

Saboda haka ake roƙon ma'aikatan asibitocin karkara da na ɗakunan wanki: duk mai ciwon suga a cire masa takalmi, a taɓa ƙafafun biyu. In ɗaya ta kumbura kuma ta fi ɗumi, a hana shi takawa, a tura shi hoton ƙashi a makon.