Rariyar Da Ke Tsare Ran Lasifika



Mu da muka fito daga Jega da Aliero da Maiyama, har da ƙauyuka irin su Giwa Tazo, mun san cewa ba a biki ko walima ko wa'azi sai da lasifika. Mun kuma sha ganin mai haya ya ƙure sauti, ana cikin sha'ani sai babbar lasifikar bas ta yi ƙara ta mutu. Jarin mutum ke nan ya tafi a dare ɗaya. Galibi akan ɗora laifin a kan janareto, alhali sau da yawa daga cikin amfilifaya ɓarnar take fitowa.

Ga yadda abin yake. Kunnen ɗan Adam yana jin sauti ne daga karkaɗawa 20 zuwa 20,000 a sakan. Yawancin akwatunan bas suna da kafar iska, an kuma daidaita su a kan wani mataki, mu ce 40. A daidai wannan mataki iskar cikin akwati tana riƙe takardar lasifika. Amma da zarar sauti ya yi ƙasa da haka, sai iskar ta sake ta, takardar ta riƙa kai da komo fiye da ƙima, ba tare da wani amo na kirki ba, har ta yage ko koyil ya bugi gindi. Injiniya A. N. Thiele na Ostareliya ya yi bayanin lissafin irin wannan akwati tun 1961.

Maganin shi ne rariya, wato ɗan haɗin kwandensa da rasista a mashigar amfilifaya, wanda ke barin sautin sama ya wuce, ya tare na can ƙasa. Idan rasista mai om 10,000 ce, kwandensa kuma mai maikurofarad 1, rariyar tana fara tacewa ne a wajen 16. Wannan ya yi ƙasa ƙwarai ga akwatin da aka daidaita a 40. In muka sauya kwandensar da mai 0.47, sai matakin ya hau zuwa wajen 34. Ka'idar ita ce, a rage kwandensa da rabi, mataki ya ninka. Inda rariyar take da kwandensa biyu masu aiki tare, to tare za a sauya su, kuma irin wannan ta fi tsare lasifika, domin ta fi yanka da kaifi.

Sai dai a kula. A zare wuta tukuna, a kuma sauke cajin manyan kwandensoshi, domin suna riƙe wuta bayan an kashe na'ura. Haka nan rariya ba ta hana koyil ƙonewa in an ƙure sauti har ya shaƙe.

'Yan'uwa, an kafa jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero a 2006 domin ilimi ya amfani jama'ar ƙasa. Masu gyaran rediyo na kasuwar Jega sun fi mu sanin hannu, mu kuma an koya mana lissafi. Idan muka je hutu, mu zauna da su cikin ladabi, mu gwada wannan gyara tare. Rigakafi ya fi magani, kuma kuɗin kwandensa bai kai na sabuwar lasifika ba.