Wa ke da ikon aika faci ta imel?



Kowa a zauren nan ya san cewa Linux, da aka fara a 1991, da Git, da ya biyo baya a 2005, har gobe ta imel ake aika musu gyara. Mai gyara ya shirya facinsa, ya buga git send-email a layin umarni, saƙo ya isa ga masu kula da aikin a rubutu tsantsa, su bi shi layi-layi suna amsawa. Ban zo kare wannan tsari ba, shekarunsa sun kare shi. Abin da ya kawo ni shi ne matakin da ke gaban aikawa, lokacin da kwamfutarka za ta gabatar da kanta ga sabar imel. A nan ɗalibanmu ke maƙalewa, kuma ba laifinsu ba ne. Kamfanonin imel sun sauya tambayar da suke yi a bakin ƙofa, ofisoshin fasahar sadarwa na jami'o'inmu kuma sun naɗe hannu suna kallo.

Ƙa'idar aika imel ta SMTP, ta 1982, ba ta tambayar kowa ko shi wane ne. Sai a 1999 aka ƙara mata tantancewa, aka daɗe ana tafiya da suna da kalmar sirri. Google ya rufe wannan hanya ga asusun ɗaiɗaikun mutane a ranar 30 ga Mayu 2022. Microsoft ya fara rufe ta ga asusun ma'aikatu a Oktoba 2022, ya ɗan ɗaga wa SMTP ƙafa, sannan ya rufe ta ga Outlook.com a Satumba 2024. Abin da suka kawo a madadinta shi ne OAuth 2.0, ƙa'idar da aka fitar a 2012: ka shiga ta burauza, ka amince, a ba manhajarka tikitin shiga mai gajeren wa'adi, kalmar sirrinka ba ta bar hannunka ba. Dalilinsu na da ƙarfi, ban musanta ba, domin satar kalmar sirri ta zama ruwan dare.

Amma a dubi abin da sabon tsarin yake tambaya. A da sabar na cewa: wane ne kai? Yanzu ta ƙara da cewa: da wace manhaja ka zo, kuma wa ya yi mata rajista? OAuth ba ya ba mutum tikiti shi kaɗai, sai ta hannun manhajar da ke da lambar rajista a wurin kamfanin. git send-email kuwa ɗan rubutu ne na Perl da kowa ke iya buɗewa ya karanta, ba kamfanin da ke bayansa, ba inda zai ɓoye wani sirri. Kundin Perl da yake dogara da shi wajen tantancewa ma sai a 2025 ya samu hanyoyin OAuth. Ko da ya samu, bai warware batun rajista ba, domin fahimtar tikiti daban, samun tikitin daban.

A nan nake so mu daɗe, domin nan ne hujjar tsaro take warwarewa da kanta. Ana gaya mana cewa falalar OAuth ita ce taƙaita izini, a ba manhaja daidai abin da take buƙata. To, mai aika faci abu ɗaya yake buƙata: aikawa. A Gmail, izinin da ake nema don amfani da SMTP ta OAuth shi ne izinin akwatin gaba ɗaya, karantawa da aikawa da gogewa. Google na da izinin aikawa kaɗai, amma ya keɓe shi ga hanyar Gmail tasa ta kansa, bai ba SMTP ba. Da yake izinin akwatin gaba ɗaya na cikin waɗanda ya ƙuntata, duk manhajar da za ta nema wa jama'a shi sai ta bi bincike da tantancewar tsaro, abin da 'yan sa-kai ba za su ɗauka cikin sauƙi ba. Idan ɗalibi ya ce bari ya yi wa kansa rajista a matsayin gwaji, tikitin shiga sa'a ɗaya yake yi, tikitin da ke sabunta shi kuma ya mutu bayan kwana 7. Me ya rage masa? Wasu su ari lambar rajistar manhajar imel ta Thunderbird, manhajarsu ta shiga da sunan da ba nata ba. Mafi yawa su koma ga kalmar sirrin manhaja mai haruffa 16, wadda Google ke bayarwa ga wanda ya kunna tantancewa mai mataki biyu. Wannan kalma ba ta da wa'adi, tana buɗe akwatin duka, kuma sau da yawa a fili ake rubuta ta cikin fayil ɗin saitin Git. An guji ɗalibi ya faɗa rijiya da igiya, an bar shi ya faɗa babu igiyar. Duk tsarin tsaron da ke tura mai gaskiya ga aron suna ko ga kalmar da ba ta mutuwa, akwai gyara a cikinsa.

Microsoft ya fi kyautatawa ta wannan fuska, yana da izinin aikawa ta SMTP shi kaɗai, wanda ya nuna abin mai yiwuwa ne. Sai dai a asusun ma'aikata mabuɗin na hannun mai kula da tsarin, shi ke kunna SMTP, shi ke amincewa da manhaja. A jami'a, wannan mutum abokin aikinmu ne, ofishinsa na nan cikin harabar.

Na san amsar da ake bayarwa: ai ga GitHub. Linux ba ya karɓar gyara ta nan, magana ta ƙare. Wasu su ambaci GitGitGadget, mai mayar da buƙatar gyara ta GitHub zuwa imel don aikin Git, ko b4 na Konstantin Ryabitsev, mai iya miƙa faci ta intanet ba tare da SMTP ba. Kayan aiki ne masu kyau, amma ayyuka ƙalilan suka shafa, kuma ƙirƙirar su ma shaida ce cewa matsalar ta kai a nemo mata zagaye. Masu cewa buɗe SMTP haɗari ne kuwa, ba wanda ya nemi a buɗe wa kowa.

Abin da nake nema ba sabo ba ne. Jami'ar da imel ɗinta ke kan Google ta yi wa manhaja ɗaya rajista a matsayin ta cikin gida, domin irin wannan ba ta buƙatar binciken Google, wa'adin kwana 7 kuma bai hau kanta ba. Wadda ke kan Microsoft ta kunna SMTP ga akwatunan ɗalibai da malaman da suka nema, ta amince da izinin aikawa kaɗai. Sashen kwamfuta ya koyar da wannan a aji: tikiti ya zauna a ma'ajiyar sirri ta kwamfuta, Git ko manhajar aika imel ta msmtp su ɗauko shi lokacin aikawa, ɗalibi ya fara aika wa kansa facin ya gwada shi da git am kafin ya tura wa kowa.

Daraktocin fasahar sadarwa da ke cikinmu, rajistar nan ba ta buƙatar kasafin kuɗi, sa hannunku take jira. Ku yi ta kafin zangon karatu mai zuwa.