Jawabi Kan Amosanin Gaɓɓai A Taron Ƙungiya

 

Maganarmu ta yau a kan ciwon gaɓɓai ne, amma ba irin na tsufa ba. Muna nufin wanda mace mai ƙarfinta za ta tashi da asuba yatsun hannayenta biyu sun kumbura sun sage, ko muciya ba ta iya riƙewa sai hantsi. Mukan ce sanyi ne, wasu su ce sammu. Likitoci suna ce masa rumatoyid. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 18 ne ke fama da shi a 2019, kashi 70 cikin 100 kuwa mata ne.

To, daga ina yake? Allah Ya yi mana sojoji a cikin jini, wato fararen ƙwayoyi masu yaƙar cuta. A wannan ciwo sojojin ne ke rikicewa, su afka wa gaɓɓan mai su. Binciken jini a ƙasar Holan a 2004 ya nuna alamar rikicewar kan bayyana shekaru kafin mutum ya ji zafi.

Cikin abubuwan da ake zargi akwai ƙwayar cutar Epstein-Barr, wadda aka gano a Landan a 1964. Ta yawu ake ɗaukarta, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na manya suna ɗauke da ita lami lafiya. Tana ɓuya cikin fararen ƙwayoyin nan, kuma an ga ta fi yawa a jinin masu rumatoyid. Gado da shan taba su ma suna da hannu. Amma jama'a, ciwon kansa ba a ɗaukarsa, kada a ƙyamaci kowa.

Ga inda gizo ke saƙar. Ɓarnar gaɓa da wuri take farawa, abin da ya lalace kuwa ba ya dawowa. Watannin farko su ne na ceto. Mu kuwa sai mu nufi kemis ko masu talla ranar kasuwa, a haɗa mana dexa. Zafi ya lafa, fuska ta cika, ana cewa an murmure, alhali ƙashi na cinyewa, ga hawan jini da ciwon suga na biyo baya.

Don haka duk wanda kumburin gaɓɓansa ya kai mako shida, a kai shi asibitin Barau Dikko a Kaduna ko na Shika a Zariya a auna jini. Akwai magani, methotrexate, sau ɗaya ake sha a mako, bisa umarnin likita, kuma mai ciki ba ta sha. Magidanta, kuɗin mota ya fi sauƙi a kan nakasar uwargida. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.