Natsuwa: Darasi Daga Gonar Auduga



An nemi in yi magana a kan natsuwa, wato mutum ya tattara hankalinsa a kan abin da yake yi a lokacin da yake yin sa. Abin da zan ce a taƙaice shi ne, natsuwa ba baiwa ce da ake haihuwar wasu da ita ba. Sana'a ce da ake koyo, kamar noma.

Da yawa daga cikinmu 'ya'yan manoma ne daga ƙasar Funtuwa da Malumfashi, inda aka kafa injinan gurzar auduga tun zamanin Turawa. Ku dubi mai cirar auduga a lokacin hunturu. Idonsa da yatsunsa da zuciyarsa duk suna wuri guda. Da zarar hankalinsa ya tafi wani wuri, sai busasshen ganye da ƙasa da ɓatacciyar auduga su shiga cikin buhu, in an je awo a sauko da ita daga lamba ɗaya, kuɗinta ya ragu. Haka mai yin firi: in tunaninsa ya tafi kasuwa, fartanya ba za ta bambance ciyawa da dawa ba. Shi ya sa Bahaushe ya ce, hankali ke gani, ido gululu ne.

Masana ma sun daɗe da gane haka. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi dogon bayani a cikin Ihya'u Ulumiddini a kan halartar zuciya a cikin salla. A Amurka kuwa, a 1979 Jon Kabat-Zinn ya buɗe wani sashe a makarantar koyon likitanci ta Jami'ar Masacusets, inda ake koya wa masu fama da ciwo da damuwa yadda za su lura da numfashinsu da jikinsu, cikin shiri na mako 8.

To, ta yaya ɗalibi zai fara? Ga hanyoyi huɗu.

Na farko, bayan sallar asuba ka zauna minti 5, ka bi shigar numfashinka da fitarsa kawai. Kada ka tilasta shi.

Na biyu, hankalinka zai gudu, babu shakka: zuwa jarrabawa, ko kuɗin makaranta, ko labarin gida. Kada ka zargi kanka. Ka lura ya tafi, ka dawo da shi, kamar yadda mai huɗa ke maido da shanu kan kunya. Wannan dawowar ita ce ainihin horon.

Na uku, ka zaɓi aiki ɗaya a kowace rana, ko alwala, ko cin tuwo, ko karanta shafi guda, ka yi shi shi kaɗai, waya tana nesa da hannunka. Taura biyu ba ta taunuwa.

Na huɗu, idan fushi ya taso, ka ja numfashi sau uku kafin ka buɗe baki. Zumunci da yawa ya yanke ne saboda rashin wannan ɗan jinkirin.

Amma a yi hattara. Natsuwa ba ta biyan bashi, ba ta kuma maye gurbin likita. Wanda damuwa ta hana shi barci da abinci, ya nemi asibiti. Amfaninta shi ne ka ga matsalarka daidai girmanta, ba ƙari.

'Yan'uwa, iyayenmu na sayar da amfanin gona domin mu zauna a aji. Abin kunya ne jikinmu ya halarci lacca, zuciyarmu tana wani gari. Mu fara gobe da asuba.

 Allah ya ba mu sa'a, amin.